Kujerar Wakili a Motar Labbo

Direbobin yanzu da ake tarewa a hanya don ba su ɗaura bel ba, su yi ta ƙunƙuni, ba su riski lokacin da duk dokar tuƙi a ƙasar Gobir ba ta wuce laya rataye a jikin madubi ba, sai kuma "Allah shi kiyaye" daga bakin 'yan rakiya. Hanyar Sabon Birni zuwa Isa burji ce, mota takan ci rabin tafiya ba ta gamu da 'yar'uwarta ba. Direba tsakiya yake bi abinsa. In ya hango wata tafe, kowa ya ɗan raɓa hagu, a tsaya taga da taga a tambayi iyali.

Ana nan sai gwamnati ta ce an canja hannu. Rediyo ya yi ta faɗa safe da yamma, wai daga yanzu dama za a riƙa bi. Mutanen Sabon Birni suka ce wannan ai tsohon labari ne, duk wanda ya taɓa kai kaya Maraɗi ya san haka ake yi a can. Suka ci gaba da bin tsakiyarsu.

Sai da fari ya zo abin ya zama magana. Damina ta leƙo ta koma, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gulbi ya zama rairayi. Hanyar da a da ba kowa ta cika maƙil: motocin agaji ɗauke da jar dawa, tankoki, jakai, ga Buzaye da raƙumansu suna ta kai da kawowa neman hatsi. Bin tsakiya ya ƙare. Dole kowa ya kama damarsa, ga 'yan sanda sun fara tsayuwa a mararraba suna jiran wanda zai manta.

A nan damuwar Tasalla ta soma.

Mijinta Labbo yana da mota, tsohuwar gingimari mai bodin katako, ita ke kwaso rabon Kurawa da Gangara daga sito a Isa. Motar irin ta da ce, sitiyarinta a dama. Da aka koma bin dama sai direba ya zama shi ne a gefen daji yana kallon geza da ƙaya, kujerar bakin ƙofa ta hagu kuma ta koma tsakiyar hanya. In wata mota ta tare gaba, Labbo yana son wucewa, ba abin da yake gani sai bayanta. Dole ya tambayi wanda ke bakin ƙofa. Ko hannun nan da direba ke miƙawa ta taga in zai karya kwana, yanzu in Labbo ya miƙa nasa, awaki kawai ke gani.

Ita kuwa kujerar bakin ƙofa tana da mai ita. Wakili Sodangi, mahaifin Tasalla, shi fada ta ɗora wa karɓo hatsin agaji, kuma tun da Labbo ya auri ɗiyarsa ba wanda ya sake zama a nan in dai yana cikin tafiyar. Gaban motar na ɗaukar mutum biyu bayan direba, amma ba a zama a tsakiya. Nan Wakili ke ajiye buta da sanda, don a samu ɗan fili tsakanin suruki da suruki. A da, mota na tashi yake barci. Yanzu da ya ji an ce shi ne idon direba, sai ya gyara naɗin rawani ya zauna ƙyam. Aikin ya yi masa daɗi. Yana miƙa hannu ta taga yana amsa gaisuwar mutanen ƙauye, motocin baya suna ta taka birki, sun ɗauka Labbo zai juya.

Wata ranar da la'asar Labbo ya dawo, Tasalla ta kawo masa ruwa, ya shanye bai ko ɗaga kai ba. Ta karɓi kwanon ta ajiye. Ita dama ba mai magana ba ce. Tun tana yarinya ake mantawa tana cikin ɗaki, ita kuwa ba abin da ke wuce mata. Ta je zaure ta leƙa motar a ƙofar gida, ta dawo ta zauna nesa kaɗan.

"Mota ta dawo da kunne guda," in ji ta. Madubin hagu take nufi.

"Raƙumi yat tahi da gudan."

Ta jira.

"Muna biye da wata tanka," Labbo ya ce, "tana tahiya awa mai ciwon ƙugu. Nic ce, 'Baba, a duba muna hanya.' Yac ce, 'Ba kowa, wuce.' Ina hita, Tasalla, sai ga ni ido da ido da raƙumi. Ba guda ba, ayari. Buzun da ag gaba har kwallin idonai sai da nig gani. Ban san sa'ad da nis saki hanya nih hwaɗa gonar mutane ba. Da an yi damana bana, da yanzu ina gaban alƙali kan gero."

"Mi Baba yac ce?"

"Yac ce Buzaye ba su da ladabi, ba su sallama."

Tasalla ta sunkuyar da kai don kar ya ga bakinta. Dariya ce ta taso, amma ba ta yi nisa ba.

Don ita ta san abin da ke ciki. Idon Baba ya yi yana tun bara. Mutane yake ganewa da murya da jan takalmi, hanyar fada da ta masallaci kuwa ƙafarsa ta haddace. A mota ma, in ya karkata kai ta taga, ba kallo yake ba, saurare yake. In bai ji ƙugin inji ba sai ya ce a wuce. Da motoci dabarar tana ci. Raƙumi ne ba shi da inji.

Ranar da ta tabbatar, ta je gida ne gaida su. Inno, yayar Baba da ke zaune a gidan, ta shanya zanenta a kan turmi ta shiga maƙwabta. Baba ya shigo daga fada, ya tsaya gaban turmin, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da hutawa, Inno." Turmi ya yi shiru. Tasalla tana bayan rumbu, sai ta maƙe murya irin ta tsofaffi ta ce, "Yauwa Wakili, an dawo lahiya?" Ya ce lafiya lau, ya wuce turakarsa. Ba ta gaya wa kowa ba.

"Ka hwaɗa mai shi bar kujerar," ta ce wa Labbo, ko da yake ta san amsar.

"Ni? In ce ma Baba mi? Ni da tun da anka ɗaura aure ban ƙara ganin huskatai ba? Takalminai kaɗai nis sani. Ke ki hwaɗa mai, ubanki na."

Ta gwada faɗin maganar a zuci, ko a zucin ma ta kasa kai ƙarshe.

"Za ni wurin malam a ƙaro laya," in ji Labbo.

"Ta da ɗin ina take?"

"Tana jikin madubin."

"Wanda raƙumi..."

"Shi."

Ba kunya ce kaɗai ta ɗaure musu baki ba. Akwai Illo, ɗan baffan Wakili, wanda ya daɗe yana auna rawanin nan da ido. Ranar da aka ce a fili Wakili ba ya gani, kafin a kira azahar maganar ta isa fada, a ce ya huta haka nan, a naɗa Illo. Baba kuwa in aka sauke masa rawani a shekarar da gona ba ta ba shi ko damin kara ba, Tasalla ta san ba abin da zai rage masa sai tabarma da jiran rana ta faɗi. In kuma aka yi shiru, ranar kasuwar Isa mai zuwa za su sake hawa hanyar nan, mijinta da ubanta, da kunnen tsoho a madadin ido.

Dole Baba ya bar kujerar nan, kuma dole kar a ambaci ido.

Tana tankaɗen jar dawar agaji, wadda tuwonta ke fita kamar an kwaɓa jan ƙasa, sai Iya Rahmatu ta faɗo mata a rai.

Iya Rahmatu Bayaraba ce, ta fi shekarun Tasalla a Sabon Birni, tana da rumfa a kasuwa inda take saida man ja da kwanoni da sabulu. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa kuwa wasa ne tun kakanni. Kowa cewa yake ɗayan bawansa ne. Bayarabe zai cire wa Bagobiri hula a tsakiyar kasuwa, in Bagobirin ya yi fushi shi za a yi wa dariya har gida. Abin da suruki ba zai iya ba, ɗiya ba za ta iya ba, Iya Rahmatu za ta yi shi tana cin goro.

Tasalla ta lulluɓa ta tafi da kwalbar man ja. Ta tsaya a bakin rumfa tana juya kwalbar har masu ciniki suka watse.

"Ke ɗiyar bawana," in ji Iya, "kwalbar ga kin zo saye da ita ko kin zo yi mata tausa?"

Da ƙyar, tana kallon ƙasa, Tasalla ta zayyana mata komai, har da turmin. Iya ta yi dariya sai da ta riƙe tirken rumfa.

"Turmi! Wakili guda! To shi turmin ya amsa?"

"Don Allah Iya, kar ki ambaci ido. Kujerar kawai za ki amshe mai da wasa, ki zauna ki riƙa duba ma direba hanya. Ai kina zuwa Isa sarin kaya."

"Ina zuwa o. Kar ki damu. Bakina tukunya ta mai murhi."

Duk kasuwar Sabon Birni ta san murfin tukunyar nan ya daɗe da ɓata. Amma Tasalla ba ta da wata tukunyar. Ta koma gida ta ce wa Labbo ɗiyar gwaggonta ta haihu a Isa, tana son zuwa barka. Haihuwar gaskiya ce, ta dai ɗan kwana biyu.

Ranar tafiya da hantsi tasha ta cika. Labbo yana zuba ruwa a lagireto. Tasalla tana tsugune gefen taya da ƙunshin barka, tana jiran a ce mata ta hau baya. Iya Rahmatu kuwa tuni ta haye kujerar bakin ƙofa, ta bar ƙofar a buɗe, ta naɗa ɗankwali kamar rumfar biki.

Can sai ga Wakili tafe, kai tsaye, don Labbo wuri guda yake tsai da mota kullum. Illo na biye da shi riƙe da buta da sanda, da irin ladabin nan da ya yi yawa. Ya riga shi zuwa ya ajiye su a tsakiyar kujera, ya dubi Iya, ya dubi Wakili, ya ja gefe yana jiran kallo.

"Sannu da zuwa, bawana," in ji Iya tun kafin Wakili ya kai hannu ga ƙofa. "Hau baya."

Wakili ya tsaya cak. Sai murmushi ya bi tsagen kumatunsa.

"Labbo," ya ce, "wa ab bar ƙohwa buɗe har Bayaraba ta shiga? Ba ka ga mota ta karkace ba?"

Labbo ya ƙara dulmiya kai cikin inji.

"Gwamnati ta canja hannu o," in ji Iya. "Na hagu ya koma dama, na gaba ya koma baya. Yau iyayengiji ka zama gaba."

"Hannu anka canja, ba a canja kai da ƙahwa ba. Sauka kar ki hwasa ma yaro taya, ba ta saye garin ga."

"Kai da tsagen huskarka awa kaza ta yi tono!"

"Naku hwa? Mu da aska anka yi muna. Ku kamar da galma."

Tasha ta kwashe da dariya, har 'yan dako suka sauke kaya suka matso. Iya ta ga ana cinye ta. Tasalla ta hango lokacin da murfin ya zame, don ta ga Iya ta tofar da goro ta gyara zama.

"To tsaya! Kujerar ga yanzu ta mai ido ta. Kai da ka gaida turmi..." Ta haɗiye sauran. Amma maimakon ta ja da baya sai ta ƙara gaba. "In kana so in sauka, hwaɗa man, wane launi na ɗankwalina?"

Mutane ba su gane zancen turmi ba, sun ɗauka cikin wasan ne. Illo dai, Tasalla ta ga ya miƙe wuya.

Wakili ko gezau. "Ɗankwalin Bayaraba ba a tambayar launinai, sai girma. Tun daga bakin kasuwa yat tare man rana."

Aka sake dariya. Da an bar shi nan da ya wuce. Sai Illo ya matso, murya ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji.

"Ranka shi daɗe, a dai hwaɗa mata launin, a kashe bakinta."

Dariyar ta lafa. Wakili ya ɗaga kai wajen da muryar Iya take, ya ƙura ido, yana shafa gemu.

Tasalla ba ta taɓa magana a tasha ba. Ko a gidan biki sai an matso ake jin ta. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba, ta dai ji wata siririyar murya tana fita daga cikin mayafinta.

"Iya... in mun kai Isa, ki ara man shuɗin ɗankwalin ga in shiga gidan barka da shi."

"Kash!" Wakili ya tafa hannu. "Kun ga ɗiyan zamani! Ina ta jan baiwata in wahal da ita, an zo an ɓata man wasa. Shuɗi na mana, Illo. Shuɗin ma wanda yak koɗe. Ko kai ba ka gani ba, a biya da kai asibiti?"

"Sabo na!" Iya ta yi ihu. "Sabo hul!"

Illo ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ja da baya. Wakili kuwa ya juya fuska wajen da muryar ɗiyarsa ta fito, ya ɗan jima a haka. Sannan ya ce, "Illo, ɗauke butar ga da sanda daga tsakiya."

"Daga tsakiya, ranka shi daɗe?"

"Na yi tunani. Tun da anka canja hannu bakin ƙohwa ya zama wurin dogari. Duk abin da za shi shigo, ta nan shika shigowa. Babba tsakiya shika zama. Sauko in shiga, Bayaraba, sannan ki koma ki tare man raƙuma."

Iya ta sauko tana cika baki, Wakili ya hau ya zauna a wurin buta. Tasalla ta sauke numfashi. Abin ya yi, ko da ta wata hanya ya biyo. Iya ta ɗaga ƙafa za ta koma, sai idonta ya sauka a inda madubi yake a da. Ƙarfen ya lanƙwashe, ga wani tattaren gashi ruwan ƙasa maƙale a jiki.

"Nan raƙumin yab bi?"

"Nan, Iya," in ji Labbo.

"Daidai kan mutum?"

"Kusa dai."

Iya ta sauke ƙafarta a hankali, ta sake ɗaura zane. "Ɗiyata Rahmatu ba ta yi aure ba tukun o. In na mutu cikin motar Bagobiri wa za shi yi mata gara?" Ta zagaya baya, 'yan dako suka tura ta sama tana zagin su.

Kujera ta zama ba kowa. Illo ya yi taku ɗaya. "Ranka shi daɗe, ko in raka ku yau, in zauna..."

In Illo ya zauna gefen Baba daga nan har Isa, ba sai kowa ya gaya masa komai ba.

"Tasalla!" Wakili ya kira. "Zo ki zauna."

Aka fara gunaguni. Yarinya mace a gaban mota, ga uba ga miji? Wani tsoho ya ce shi bai taɓa gani ba.

"An canja hannu," in ji Wakili. Maganar ta ƙare.

Ta hau, ta ja ƙofa. Baba ya karkato kai kamar zai gyara rawani, ya ce mata a hankali, "Tun da kin iya amsa gaisuwar turmi, kin iya duba hanya. Inno ba ta taɓa ce man 'an dawo lahiya' ba. Sai dai 'ina cehwane'."

Tasalla ta so ƙasan motar ya buɗe.

Labbo ya shigo ta ɗaya ƙofar, ya tarar da surukinsa daf da shi. Ya manne da ƙofarsa, rabin kafaɗa a waje, don kar rigarsa ta taɓa ta Baba. A haka suka tashi.

Sun bar gari kaɗan suka riski motar itace tana jan ciki. Labbo ya dubi sitiyari, ya ce da shi, "Baba, a duba muna hanya." Tasalla ta leƙa ta taga. Hanya fayau har inda ido ya tsaya. Amma yaya za ta yi wa mijinta magana a gaban ubanta? Ta kai baki kusa da kunnen Baba ta raɗa, "Ba kowa."

Wakili ya yi gyaran murya. "Wuce."

Suka wuce lafiya. Haka aka ci gaba: Labbo ya tambayi sitiyari, Tasalla ta raɗa, Wakili ya yanke hukunci. In ta ce akwai mota, ya ce, "Dakata, yaro, kar ka yi gaggawa." In za a karya kwana ta naɗe hannunta da bakin mayafi ta miƙa ta taga. Gefen hanya gonaki ne fari fat, ga mushen shanu nan da can, mata da ƙwarya suna tsinkar anza, abincin yunwa. Tasalla ba ta samu damar kallonsu sosai ba. Ba ta taɓa sanin hanya tana da yawan abin dubawa haka ba.

Abin da ya ɓata tsarin, Wakili ya fara jin daɗinsa. "Wuce" kaɗai ta daina isarsa. Sai ya ce, "To, bismillahi, wuce." Can gaba ya koma, "Na duba, na sake dubawa, da yardar Mai Sama, wuce."

Sun kusa gangaren wani busasshen rafi suka cim ma motar fatu. A shekarar nan ba abin da ya yi araha kamar fata, an loda mata har ta fi ƙarfinta, ga wari yana dawowa cikin mota. Labbo ya ƙosa.

"Baba, a duba muna hanya."

Tasalla ta leƙa. Ba kowa. Ta raɗa.

Daidai lokacin Wakili ya jefa goro a baki. Ya tauna. Ya ce warin nan ko a lahira aka kai shi sai an yi ƙara. Ya sake taunawa. Ya gyara hannun riga. Tasalla tana kallon bakin rafin, sai ta ga wani abu ya tsiro daga gangaren, dogon wuya da ƙaramin kai, wani na bin sa, wani na bin wancan.

"To," in ji Wakili, "da ikon Allah, wu..."

Labbo ya riga ya murza sitiyari. Ba lokacin raɗa, ba lokacin kunya.

"Labbo! Koma! Raƙuma!"

Motar ta yi wani irin layi ta koma bayan ta fatu, birki ya yi ƙara, daga baya aka ji Iya Rahmatu tana kiran duk wanda ta sani da Yarbanci. Suka tsaya. Raƙuma suka zo suna wucewa ta gefen taga ɗaya bayan ɗaya, ɗauke da buhunan hatsi, ba su ko canja taku ba. Guda ya leƙo ya dubi Tasalla yana tuƙa. Buzun da ke jan su ya ɗaga hannu ya yi sallama.

Ba wanda ya amsa masa.

Sunan mijinta. Gatsau, ba ko sakaye, da muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba, kuma ta saman cinyar ubanta. Tasalla ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Labbo ya ƙura wa sitiyari ido kamar yau ya fara ganinsa.

Wakili ya gama tauna goronsa, ya haɗiye.

"Mi as sa munka tsaya?" ya ce. "Wani ya yi magana?"

Wakili ya dafa kunnensa na hagu.

"Ni ban ji komi ba. Kwanan ga kunnen ga na hagu ya yi man nauyi. Ido dai alhamdu lillahi, garau. Kunne na yah hwara tsuhwa." Ya ɗan juyo wajenta. "Raɗar ga taki ba ni jin ta sosai, Tasalla, wahal da ni kawai kike. In kin ga abu, hwaɗa ma direba da ƙarhi. Ko mi kinka kira shi, ni ba ji nike ba."

Aka buga bayan gidan direba da tafin hannu.

"Mu dai mun ji o!" in ji Iya Rahmatu.

Kafaɗar Labbo ta fara rawa. Ya yi tari, ya sake tari, bai yi amfani ba. A cikin mayafi Tasalla ta cije leɓe har ya yi zafi. Ta san in an koma gida Baba da kansa zai ba Illo labarin kunnen, ya kai fada in yana so. Nauyin kunne bai taɓa sauke wa kowa rawani ba, rabin masu zama a fada da shi suke taƙama.

Labbo ya sa giya. Suka gangara rafin suka hau, motar fatu na nan gabansu da warinta. Ya bi ta ɗan lokaci, sannan ya ce, ba tare da ya sa "Baba" a gaba ba, "A duba muna hanya."

Tasalla ta sauke mayafi zuwa haɓa, ta leƙa, ta duba har can nesa, ta duba gindin itatuwa ma.

"Ba kowa," ta ce. A fili.

Labbo ya fita, ya danna oda, ya wuce motar fatu, ya koma damarsa. Mota ta daidaita, warin ya koma baya, iska ta shigo. Rufin kwanon sito na Isa ya fara ƙyalli daga nesa.

Wakili ya gyara zaman rawaninsa, ya yi gyaran murya.

"Wuce," in ji shi.